Tsohon Babur: Yadda A Ke Gane Cutarsa A Gyara Shi A Gida

Babur a zamanin nan ya tsaya a matsayin da doki da jaki su ke a wurin kakanninmu. Da shi manomi ya ke kai hatsinsa kasuwa, da shi ma'aikaci ya ke isa wurin aiki kan lokaci, da shi kuma a ke ɗauko majinyaci daga ƙauye a kai shi asibiti da tsakad dare. Waɗansu kuwa da shi su ke ci da iyalinsu, watau 'yan acaɓa, waɗanda a Nijar a ke kira 'yan kabu-kabu. Amma ba kowa ke da halin sayen sabo ba. Yawancin mutane tsoho su ke saya, wanda ya bi ta hannu biyu ko uku, tsohon abu kuwa ba ya rasa 'yan cututtuka.

Ran da babur ya ƙi tashi, sai ka ga mai shi ya tura shi cikin rana har wurin bakanike, ya yi hasarar aikin yini guda, ya kuma biya kuɗin gyara, alhali abin da ya hana shi tashi bai wuce ɗan datti a bakin filogi ba, wanda a ke gogewa cikin minti 5 a ƙofar gida. Wani kuwa ba ya kai wa kowa, sai ya ɗauki sifana ya yi ta kwance-kwance bisa jahilci, har ƙaramar ɓarna ta zama babba. Dukansu biyu rashin sani ya cuce su. Sabo da haka a ka rubuta wannan ɗan littafi, domin ka san yadda za ka binciki baburinka bi da bi, ka gyara abin da ke gyaruwa a gida, ka kuma gane abin da ya fi ƙarfinka ka kai wa gwani.

1. Asalin Babur Da Irinsa

Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto shi ya ƙera irin injin da yawancin babura su ke aiki da shi, a cikin 1876. A cikin 1885 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, su ma Jamusawa ne, su ka ɗora ƙaramin inji bisa keken katako, shi ne a ke lissafawa babur na fari mai aiki da fetur. Daga baya mutanen Japan su ka shahara da wannan sana'a. Kamfanin Honda ya fito da ƙaramin babur mai suna Super Cub a cikin 1958, zuwa 2017 kuwa an ƙera guda miliyan 100. A cikin shekarun 1970 kuma ya fito da CG125, wanda a ka shirya musamman domin ƙasashe masu mugayen hanyoyi da ƙarancin wuraren gyara. Babura da yawa da ke zuwa daga ƙasar Sin bisa fasalin waɗannan biyu a ka yi su. In ka fahimci ɗaya, ka kama hanyar fahimtar saura.

Injin babur iri biyu ne, da mai bugu huɗu da mai bugu biyu. Mai bugu huɗu, kamar Honda da a ka ambata da Bajaj Boxer na Indiya, baƙin mansa yana kwance a cikin cikin inji. Mai bugu biyu, kamar Suzuki AX100, yana da ɗan tanki dabam na man da a ke rubuta wa 2T, yana ƙone wannan mai tare da fetur, shi ya sa ba ya rabuwa da ɗan hayaki. Ka fara sanin ko wane iri ne naka.

2. Yadda Inji Ya Ke Aiki

Cikin inji akwai wani rami mai santsi kamar turmi, sunansa silinda. A cikinsa akwai ƙarfe mai hawa da sauka kamar taɓarya, sunansa fistin, an kewaye shi da zobba domin kada iska ta sulale ta gefensa. A bisa kansu akwai ƙofofi biyu ƙanana, su a ke kira bawul, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita.

Ga bugun nan huɗu. Na ɗaya, fistin ya sauka, ƙofar shiga ta buɗe, inji ya shaƙi iska gauraye da fetur. Na biyu, ƙofofi su rufe, fistin ya hau ya matse abin da a ka shaƙa. Na uku, filogi ya ƙyasta wuta, abin ya kama gaba ɗaya, ƙarfinsa ya tura fistin ƙasa. Wannan shi ne bugun da ke juya taya. Na huɗu, ƙofar fita ta buɗe, fistin ya hau ya kori hayaki ta salansa. Sai kuma a koma daga fari, sau dubbai cikin minti guda.

To, daga nan za ka ga inji abu uku ya ke bukata: mai gauraye da iska daidai gwargwado, da wuta a daidai lokacinta, da matsi. Ka riƙe waɗannan uku a ka kamar sunayen 'ya'yanka. Ko yaushe babur ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace, aikinka shi ne ka gano wanne.

3. Kayan Aiki Da Tsare Kai

Ba ka bukatar kaya da yawa. Ka nemi sifanar filogi, da sifanoni masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da sukudireba mai faɗin baki da mai bakin gicciye, da filaya, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma mai tsabta. Ka nemi kuma ma'aunin tazara, watau waɗansu 'yan siraran ƙarafa a haɗe kamar wuƙar aljihu, ko wane an rubuta kaurinsa a jikinsa. Ka ajiye sabon filogi guda da fiyus guda a cikin baburin kullum.

Kafin ka taɓa kome, ga sharuɗɗa huɗu, ranka da gidanka suna rataye a kansu.

Kada ka ta da inji cikin ɗaki ko zaure a rufe. Cikin hayakinsa akwai wata iska mai dafi, ba ta da wari ba ta da launi, ta kan sa mutum barci, daga nan sai mutuwa.

Kada ka yi aikin fetur kusa da murhu, ko fitilar kananzir, ko mai shan taba. Tururin fetur ya kan bi ƙasa ya je ya tarad da wuta daga nesa.

Ka bar inji da salansa su huce tukuna, ka kuma kori yara daga wurin.

Ka shimfiɗa buhu ko tabarma, ka jera abin da ka kwance bi da bi, daga hagu zuwa dama. In za ka mayar, sai ka faro daga dama. Noti guda in ya faɗa cikin rairayi ya isa ya ɓata maka yini.

4. Tambaya Kafin Sifana

Likitan kirki ba ya fara da tsaga majinyaci. Ya kan yi tambaya, ya duba, ya saurara. Haka kai ma za ka yi. Ka tambayi kanka: yaushe abin ya fara? Farat ɗaya babur ya mutu, ko kuwa ya yi ta shaƙewa yana ja da baya kafin ya tsaya? Mutuwar farat ɗaya galibi daga wuta ta ke, shaƙewa kuwa galibi daga mai. A ina ka sha mai na ƙarshe? An yi ruwan sama, ko an wanke babur? Wa ya taɓa shi, me kuma ya taɓa? Sau da yawa cuta tana nan wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe.

Sa'an nan ka fara da abu mai sauƙi. Makulli yana buɗe? In akwai ɗan jan makunni a hannun dama na kashe inji, yaro bai danna shi ba? Akwai mai a tanki? Ka buɗe ka girgiza ka gani da idonka. Ka kuma riƙe wannan doka: abu guda a ke gyarawa a gwada, kafin a taɓa na biyu. Wanda ya juya sukurori uku a lokaci guda ba zai san wanda ya yi magani ba, balle wanda ya ƙara ɓarna.

5. Bin Sawun Mai

Mai ya kan fito daga tanki, ya bi ta famfo, ya gangara ta robar mai, ya shiga kafireta. Ka bi shi kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya.

Famfon yana da wuri uku. ON shi ne buɗe, OFF rufe, RES kuwa ɗan ajiyayyen mai ne na gindin tanki. In mai ya yi ƙasa, sai ka juya zuwa RES. Ka zare roba daga jikin kafireta, ka sa bakinta cikin kwalba mai tsabta, ka buɗe famfo. In mai ya zubo sosai, hanya lafiya ta ke. In ɗigo ya ke yi, tsatsar tanki ta toshe 'yar matatar da ke cikin famfon, sai a kwance a wanke.

Ka ɗaga kwalbar ka duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, sabo da haka in akwai shi za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ka sansana kuma, gama man da a ke sayarwa a galan bakin hanya wani lokaci a kan gauraya shi da kananzir. Irin wannan mai ya kan sa wuyar tashi da hayaki da ƙwanƙwasa. Maganinsa a juye shi duka a zuba mai kyau.

Akwai wata cuta mai ruɗa mutane. Babur ya tashi lafiya, ya yi 'yar tafiya ya mutu, in an jima ya sake tashi. A murfin tanki akwai 'yar huda da iska ke shiga. In ƙura ta toshe ta, mai ba ya iya sauka, kamar yadda gwangwanin madara mai huda guda ba ya zuba sosai. Da ya mutu ka buɗe murfin. In ka ji ya ja iska, babur kuma ya tashi nan da nan, to, ka kama ɓarawon.

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. A gindinta akwai 'yar ƙwarya inda mai ke taruwa, da ɗan sukuru na tsiyayewa. Ka rufe famfo, ka sassauta sukurun, ruwa da laka su fita. In bai wadatar ba, ka cire ƙwaryar. Za ka ga wani abu mai iyo bisa mai, shi ke tura 'yar allura ta rufe hanya in ƙwarya ta cika. In allurar nan ta ci, ko datti ya tokare ta, mai ya kan yi ta zuba ƙasa. Za ka ga kuma 'yan bututu biyu na tagulla masu huda ƙanƙanuwa, makanikai suna kiransu jet. Ƙaramin shi ke ciyad da inji sa'ad da babur ya ke tsaye, babban kuwa sa'ad da a ke gudu. Ka kwance su, ka wanke da fetur, ka hura da famfon taya, ka ɗaga wajen haske ka ga hudar ta fita sarai. Kada ka zura musu allura ko waya, domin tagulla tana da taushi, in hudar ta faɗaɗa babur zai riƙa shan mai har ran da ka sayi wani.

A gefen kafireta akwai sukurori biyu na daidaitawa. Kafin ka cire ko wane, ka ɗaura shi a hankali har ya tsaya, kana ƙidaya juyi nawa ya yi, ka rubuta a takarda. Da haka za ka iya mayad da shi inda ya ke.

Sai matatar iska. Lokacin hunturu ƙura ta kan cika ta cikin 'yan kwanaki, inji ya rasa numfashi. In ta soso ce, ka wanke ta da kananzir, ka matse, ta bushe, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. In ta takarda ce, ba a wanke ta, sai a kakkaɓe ko a sake. Kada ka yarda da mai ce maka a cire ta a yar domin babur ya ƙara gudu. Ƙurar da za ta shiga ita za ta cinye zobba da silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

Wani lokaci kuma mai ne ya yi yawa. In ka daɗe kana buga kik da cok a rufe, har kana jin warin fetur, filogi ya jiƙe ke nan. Ka buɗe cok, ka murɗa totur har ƙarshe, ka buga kik sau da yawa, ko kuwa ka cire filogi ka shanya shi.

6. Bin Sawun Wuta

Ka cire hular filogi, ka hure ƙasar da ke kewaye da shi don kada ta faɗa cikin inji, sa'an nan ka kwance shi. Bakin filogi kamar harshen majinyaci ya ke, yana faɗin abin da ke ciki. In launinsa ƙasa-ƙasa ne a bushe, inji lafiya lau. In baƙi ne mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai ka duba matata da cok. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana haurowa, alamar zobba sun ci. In kuwa fari fat ne kamar toka, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. Wannan ya fi sauran hatsari, gama yana iya huda kan fistin. Ka duba robar da ke tsakanin kafireta da inji, ko ta tsage tana satar iska.

Ka goge bakin da buroshi, ka auna tazarar da wuta ke tsallakawa. A yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. In ta yi faɗi, ka ƙwanƙwasa lanƙwasasshen ƙarfen a hankali. In tangaran ɗin ya tsage, filogin ya gama aiki.

Ga yadda a ke gwada wuta. Ka mayad da filogi cikin hularsa, ka riƙe ta wajen roba, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin filogi, ka tabbata babu fetur a zube, ka buɗe makulli ka buga kik. A inuwa a ke wannan gwaji. Wuta shuɗiya mai ƙara ƙyas ƙyas ita ce mai kyau. Ja ko rawaya mai rauni ba ta isa ba. In babu ko kaɗan, ka gwada da sabon filogin nan da ka ajiye. In shi ma shiru, ka duba hular, ka bi wayoyi ɗaya ɗaya zuwa kwayil da makulli, kana neman wadda ta tsinke, ko ta goge tana taɓa ƙarfe, ko mahaɗin da ya yi tsatsa. Da damina ruwa ya kan shiga hular filogi, shanyawa kaɗai ta isa.

Babura na da sosai suna da waɗansu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa a bayan babban faifan da ke gefen hagu na inji, su ke yanke wuta. Tazararsu in sun buɗe sarai milimita 0.3 zuwa 0.4 ce. In sun yi datti a goge su da takarda mai tsabta. Na baya kuwa ɗan baƙin akwati gare su mai suna CDI. Shi ba a gyara shi. Kafin ka sayi sabo, ka ari na maƙwabci mai irin baburinka ka gwada, kada ka ɓad da kuɗi bisa zato.

In ka zo mayad da filogi, da yatsu za ka fara ɗaura shi har ya zauna, kana ka ɗan ƙara da sifana. Kan inji ƙarfe ne mai taushi, in filogi ya shiga a karkace ya cinye zaren, gyaran ba na gida ba ne.

7. Matsi

In mai yana zuwa, wuta kuma tana nan, saura matsi. Ƙafarka ita ce shaida ta fari. Kik ɗin lafiyayyen inji yana da tauri a wani wuri. In yana sauka sakwaf kamar ka taka auduga, matsi ya tafi. Ka kashe makulli, ka cire filogi, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya buga kik. Lalle iska ta ture yatsanka da ƙarfi.

Abu uku ke zubad da matsi: zobba da su ka ci, ko gasket na kan inji da ya ƙone, ko bawul da ba ya rufuwa. Na ƙarshen nan shi ne mai sauƙi. Tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara, domin ƙarfe ya kan ƙara tsawo in ya yi zafi. In tazarar ta ɓace, ƙofa ba ta rufuwa sosai. In ta yi yawa, sai ka ji inji yana ƙas ƙas ƙas kamar keken ɗinki.

Da inji mai sanyi a ke wannan aiki, gara da sassafe. Ka buɗe murfin bawul, ka juya faifan nan na hagu har harafin T ya yi daidai da alamar da ke jikin inji. Ka taɓa ƙarafan dannawa, lalle dukansu biyu su ɗan motsa. In ba su motsa ba, ka ƙara juyi guda cikakke. Sa'an nan ka zura ma'auni. Na Super Cub milimita 0.05 ne, na CG125 kuwa 0.08, sauran babura ka nemi awonsu cikin littafinsu. Ka sassauta noti, ka juya sukuru har ma'auni ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan, ka riƙe sukurun ka ɗaure noti, ka sake aunawa. Mai bugu biyu ba shi da bawul, wannan aiki bai shafe shi ba.

8. Babur Yana Tafiya Amma Yana Kuka

Hayaki baƙi, mai ya yi yawa. Hayaki shuɗi daga mai bugu huɗu, baƙin mai ya ke ƙonewa. Ɗan farin tururi da safiyar hunturu wanda ke ɓacewa in inji ya ɗumama, wannan ba kome ba ne.

In yana mutuwa da ka saki totur, ƙaramin jet ya toshe. In yana tsayawa lafiya amma ya shaƙe wajen gudu, ka duba babban jet da matatar iska. In inji yana ruri amma gudu ba ya ƙaruwa, musamman a hawa ko da kaya, kuloci ne ke zamewa. Ka duba hannunsa, lalle ya kasance da wasa kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa kafin ya fara ja. In mai bugu biyu ya rasa ƙarfi a hankali, sau da yawa gawayi ne ya toshe salansa.

Amma in ka ji bugu mai nauyi daga can ƙasan inji, gaf gaf gaf, kamar ana sara da guduma, ka kashe shi nan take. Tura shi gida ya fi araha bisa hawansa.

Baƙin mai shi ne jinin inji. Ƙaramin babur wajen lita 1 kaɗai ya ke ɗauka, wani ma bai kai ba, sabo da haka ragi kaɗan ɓarna ce babba. Ka tsai da babur daidai a wuri mai lebur, ka auna da sandar awo ko wace safiya. Ka juye shi tun yana da ɗumi, ka zuba sabo kan kari, a ƙasa mai ƙura kuwa gara ka gaggauta bisa ka jinkirta. Tsohon man kada ka zubar kusa da rijiya.

9. Batir Da Fitila

Babura na da batir mai ƙarfin 6 gare su, na baya mai ƙarfin 12. Ka duba abin da a ka rubuta a jikin naka kafin ka sayi ƙwan fitila. In fitilu duka sun ɗauke gaba ɗaya, fiyus za ka fara dubawa. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, sai ka neme ta. Kada ka ɗaura waya ko takardar taba a madadin fiyus. Shi mai gadi ne, ya kan mutu domin sauran wayoyi su tsira, in ka kawad da shi babur na iya kama wuta a ƙarƙashinka.

In batir mai ruwa ne, ruwan ya tsaya tsakanin layi biyu da ke jikinsa. Tataccen ruwan batir a ke ƙarawa, ban da na rijiya. Ruwan cikinsa yana ƙona fata da tufafi, in ya taɓa ido ka wanke da ruwa mai yawa ka tafi asibiti. Wajen cirewa ka fara da wayar da ke da alamar ragi, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. In ƙwan fitila yana yawan ƙonewa a tsohon babur, ka duba batir, gama in ya mutu ko an cire shi wuta ta kan yi wa ƙwan yawa.

10. Sarƙa, Birki Da Taya

Inji in ya ɓaci, tafiya ce ta tsaya. Waɗannan uku kuwa in sun ɓaci, rai ne a bakinsu.

Ka taɓa sarƙa a tsakiyarta ta ƙasa, ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2. In za ka ja ta, ka sassauta notin taya, ka ɗaura majayan hagu da dama daidai wa daida, in ba haka ba taya za ta karkace. Ka sa mata mai. In haƙoran faifanta sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, a sake su tare da sarƙar. Ɗan makullin mahaɗin sarƙa kuwa, rufaffen kansa shi ke fuskantar inda sarƙa ta ke tafiya.

Birki ya kama tun hannu bai kai ga maƙura ba. In ka ɗaure notinsa har ƙarshe bai kama ba, takalman birki sun cinye, a sake su. Wanda mai ya jiƙa shi ma a sake shi. Ƙurar cikin birki kada ka hura ta da baki, tana cutar huhu, da jiƙaƙƙen tsumma a ke share ta.

Taya mai sanƙo ko mai tsaga a gefe ba abin tafiya ba ce, ko da tana riƙe iska. Ka kama taya ka girgiza ta hagu da dama, in tana wasa boris ya ci. Bayan ko wane gyara ka sake bin notin da ka taɓa duka, ka sa hular kwano, ka gwada birki a hankali kusa da gida kafin ka hau babbar hanya ko ka ɗauki wani.

11. Abin Da Za Ka Bar Wa Gwani

Raba inji biyu, da gyaran giya, da sake zobba ko faɗaɗa silinda, da miƙe ƙashin babur bayan karo, waɗannan suna bukatar kayan aiki da gwaninta. Kai su wurin bakanike ba abin kunya ba ne. Amma yanzu za ka je masa da sani. In ka ce, "Na duba mai yana zuwa, wuta shuɗiya ce, matsi ne babu," ka rage masa aiki, ka kuma rage wa kanka kuɗi, gama ba za a sa ka sayen abin da bai lalace ba. Ka tsaya a yi aikin a gabanka, ka karɓi tsohon abin da a ka cire. In za ka sayi kaya, ka tafi da tsohon ka gwada su gefe da gefe, ka kuma tuna araha ba ta ado, balle a wajen birki da taya.

Daga ƙarshe, ka sami ɗan littafin rubutu, tun da yanzu ka iya. Ka rubuta ranar da ka juye baƙin mai, da ranar da ka sake filogi, da juyin sukurorin kafireta, da awon bawul. Ko wace safiya ka duba mai, da birki, da iskar taya, da fitila. Ko wane mako ka duba sarƙa da matatar iska, ka bi notuna ka ɗaure wanda ya saki. Mai doki ba ya jira sai dokinsa ya kwanta kafin ya duba kofatonsa, kuma masu hikima sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.